Fom ɗin da na mayar wa 'yar Harlem

Duk wanda ya sauka Bronx daga ƙasarmu, kafin ya iya hawa jirgin ƙasa an riga an koya masa mutanen da zai guje wa. Ni ma an koya mini. Kawuna, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a Niyok, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, kuma tun a mota ya fara nasiha: ka riƙe sallarka, ka riƙe karatunka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, sannan ka yi nesa da baƙaƙen fatar ƙasar nan. Ya ce ba sa son aiki, ba sa ganin girman na gaba, kuma ba sa ƙaunar mu. Da muka je Juma'a a wani masallaci kusa da Grand Concourse, na sake jin wannan magana a bakin Zabarmawan Nijar da Hausawan zangon Kumasi da Fulanin Gini. Kowa da labarinsa, na fasinjan da ya gudu da kuɗin mota ko na yaron da ya yi masa rashin kunya a shago. Ban yi musu ba. Na karɓi maganar yadda na karɓi gargaɗin sanyin Janairu, abin da ɗan gari ya sani baƙo bai sani ba.

Na sami shiga ɗaya daga cikin kwalejojin gwamnati na birnin, inda 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙi suke karatu. A aji ɗaya za ka ga ɗan Dominika da 'yar Bangaladash da ɗan Jamaika da wanda ya yi gadin dare ya zarce lacca bai runtsa ba. Lokacin ba mai daɗi ba ne ga Musulmi ɗan Najeriya. Ba a daɗe da abin da ya faru a Disambar 2009 ba, sa'ad da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa Detroit, ga shi kuwa ni ma Bakatsine ne kamar shi. Wani ɗan ajinmu ya taɓa tambaya, yana dariya, ko a duba jakata kafin a zauna. Wani ya ce ko mahaifina ne yariman nan da ke aiko wa mutane wasiƙun damfara ta intanet. A 2011 da 2012 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya tona yadda aka yi shekaru ana leƙen asirin ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi a birnin da kewayensa, har ta kai a ɗakin salla kowa yana taka-tsantsan da na kusa da shi.

Waɗannan abubuwa sun yi mini ciwo, ba kuma na jin kunyar faɗin haka. Amma sun yi mini wata illa da ban lura da ita ba. Na zama mai baki a duk taron da aka kira kan mutunta juna da tafiya da kowa. In tashi in ba da labarin jakata, a tafa mini. A hankali na zauna daram a kujerar wanda aka zalunta, shi kuwa wanda ya saba da wannan kujera ba kasafai yake duba hannunsa ba.

A haka aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar ɗaliban Afirka. Kuɗin da ƙungiya take samu daga aljihun ɗalibai duka yake fitowa, domin kowa yana biyan wani abu kowane zangon karatu don harkokin ɗalibai, kuma sharaɗin karɓarsa shi ne ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa. Na karanta sharaɗin, na sa hannu. A raina, doka ce da aka yi don kare irinmu daga wasu. Ko kusa bai zo mini cewa wata rana ni za ta hau kaina ba.

Aikina na farko shi ne sabon fom na rajistar mambobi. Na sa gurabe uku bayan suna: ƙasa, yare, garin iyaye. Da aka tambaye ni dalili, na ce don mu riƙa haɗa sabon zuwa da mutanensa, ɗan Tawa ya sami ɗan Tawa, 'yar Tamale ta sami 'yar Tamale. Wannan gaskiya ne, amma rabinta. Ɗaya rabin shi ne ina so in san su wa ne namu.

Akwai wata ɗaliba mai karatun aikin jinya, haifaffiyar Harlem, wadda ta riga ni shiga ƙungiyar. Ita ta san ofishin da ake neman zauren taro da ranar da ake rufe karɓar takardun neman kuɗi. Ita take gyara mana Turancin wasiƙu. In sabon ɗalibi ya zo yana rarraba ido, ita take kama hanya da shi zuwa ofishin tallafin karatu, ta tsaya a layi tare da shi har a gama. Kowa a wurinta ɗan'uwa ne ko 'yar'uwa, haka take kiran mu. Da fom ya iso gare ta, ta rubuta Harlem a gurbin garin iyaye, ta ƙara da ƙaramin rubutu cewa kakanninta daga Karolina ta Kudu suka hauro. Gurbin ƙasa ta bar shi fayau. Ina tattara takardu na ga haka, na miƙa mata, na ce ba ki cika ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, me kake so in rubuta?" Na ce ki rubuta Amurka mana. Ta ɗan dube ni, ta karɓi biro ta rubuta. Na sa takardar cikin sauran, na wuce ga na gaba. A wurina an gama magana.

Da bazara ta ƙarato muka shiga shirin Daren Afirka, babban taronmu na shekara. An yi gardamar da aka saba tsakanin 'yan Gana da 'yan Najeriya da 'yan Senegal kan wa zai dafa dafa-duka. Matar kawu ta yi alkawarin waina da miyar taushe. An shirya cewa za a buɗe da jerin gwanon tutoci, kowa ya shigo da ta ƙasarsa ana kiɗa. Tsara jadawalin yana hannuna, kuma na ji daɗin wannan iko fiye da yadda ya kamata.

A zaman ƙarshe ta ɗaga hannu. Ta ce tana roƙon minti goma don kakarta ta zo ta yi magana. Ban tambayi me tsohuwar za ta ce ba. Wannan shi ne abin da har yau na fi kasa yafe wa kaina, domin tambaya ɗaya ta isa ta tsayar da ni. Sai kawai na gyara zama na ce, daren nan na waɗanda suka san inda suka fito ne. Na ce duk wanda zai hau dandamali sai yana da tutar da zai riƙe. Na kuma ƙara da cewa ai su suna da wata guda sukutum, Fabrairu, da ake bikin tarihinsu, mu dare ɗaya tak muka samu.

Ɗakin ya yi tsit. Ta rufe littafinta, ta sa a jaka, ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, ba mu muka yar da asalinmu ba. Ka je ka tambayi waɗanda suka sayar da mu." Ta fita, ta ja ƙofa a hankali.

Mutum ɗaya ne ya tanka, wani yaro ɗan zangon Kumasi. Da Hausa ya ce mini, "Malam Sakatare, wallahi ka yi ɓarna." Na ce tsari ne, ba gaba ba, kuma in aka buɗe wa kowa dandamali taron zai tashi daga na Afirka. Wasu suka gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya ƙara mini ƙarfi. Aka yi taro a zauren da ita ta samo mana, aka cika maƙil, aka ci aka sha, na shigo da kore-fari-kore ina murmushi. Ba ta zo ba, ni kuma na ce a raina fushi ne, zai wuce.

Abin da ya farkar da ni daga Katsina ya zo. Wata Lahadi da safe ina tsaye a kicin ɗin kawu, na kankare katin waya na kira Inna. Bayan gaisuwa na tambaye ta ina aka kwana kan auren 'yar ƙanwarta, wadda na san an kai kuɗin gaisuwa. Ta rage murya ta ce an fasa. Manya sun yi bincike, an gano yaron ba shi da asali, kakan kakansa daga rinji ya fito. Na san yaron. Malamin makaranta ne, mai sanyin hali, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Raina ya ɓaci, na manta da wadda nake magana da ita, na ce, "Haba Inna! Shi ya ce a kama kakansa? Mutum a hukunta shi a kan abin da aka yi masa?"

Ban rufe baki ba na ji abin da na faɗa.

Inna tana cewa kai dai ka yi karatunka, wannan maganar manya ce, amma muryarta ta yi mini nisa. Na ga ɗakin taron nan. Na ga hannun yarinyar yana rufe littafi. Jimlar da ta sa na ɗaga wa mahaifiyata murya, ba shi da asali, ita ce na faɗa da bakina a gaban mutane, na sa mata rigar tsari da jadawali. Su dattawan gidanmu ma a ɓoye suka yi nasu, cikin zaure, suna jin nauyin abin. Ni a bainar jama'a na yi, ina ganin aikin ƙungiya nake yi. Katin ya ƙare, waya ta yanke, na daɗe a tsaye riƙe da ita. Jikina ya yi sanyi, kunya ta rufe ni, irin wadda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Na nemi mafita a raina, na ce ai ba haka nake nufi ba, na ce ai ba ta fahimce ni ba. Ko ɗaya bai tsaya ba. Ta fahimce ni sarai, kuma abin da nake nufi ke nan. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na yi ta faɗin wannan karin magana a kan Turawa da Larabawa da 'yan ajinmu, ban taɓa duba ƙarƙashin ƙafata ba.

Da na nutsu na fara auna abin da na nema daga gare ta. Tuta na ce ta kawo. Tutar da nake taƙama da ita a 1960 aka fara ɗaga ta, ƙasar kanta a 1914 Turawa suka haɗa ta, kakan kakana bai taɓa jin sunan Najeriya ba. Amurka ta haramta shigo da bayi tun 1808, wato galibin kakannin mutanenta an kwashe su tun babu Najeriya, babu Gana, babu Nijar. Na ce ta kawo shaidar abin da aka ƙwace mata da gangan, suna da yare da gari, na mai da rashinsa laifinta.

Maganarta ta ƙarshe kuma ba ta yi nisa da gidanmu ba, ko da yake na so in tura ta bakin teku, in ce aikin sarakunan kudu ne. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi ta Kano har zuwan Turawa a 1903, kuma sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Akasarin waɗanda aka kama a ƙasarmu a nan suka zauna ko aka haura Sahara da su, amma wasu an gangara da su teku. Hausawa sun yi yawa a Bahiya ta Birazil har suka jagoranci boren bayi tun daga 1807. A wani darasin tarihi na ci karo da Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a arewacin Benin ta yau, garin da fataken goro suke ratsawa tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sayar da shi zuwa Birazil, ya zo Niyok a 1847 cikin jirgin ruwa mai dakon kofi, masu yaƙi da bauta suka tsaya masa har ya kuɓuta. Daga baya ya yi karatu a New York Central College da ke McGrawville, makarantar da take karɓar baƙi da farare, maza da mata, a zamanin da hakan abin mamaki ne. An buga tarihinsa a Detroit a 1854. Ɗan 'yar garinmu ke nan, ya riga ni zama ɗalibi a wannan jiha da shekara fiye da ɗari da hamsin. Da jikokinsa za su zo taronmu, da fom ɗina ya tsayar da su a bakin ƙofa.

Na nemi yaron nan na Kumasi na ce masa ya yi gaskiya. Bai yi mini sauƙi ba. Ya ce shi ya san zafin abin, domin a Kumasi ana ce musu baƙi ko da kakanninsu a can aka binne su, kuma a 1969 gwamnatin Busia ta kori dubban mutanen zango da sunan ba 'yan ƙasa ba ne. In ya je Kano kuma, da ya buɗe baki sai a ce kai Bahaushen ina ne. Sannan ya gaya mini abin da ban tambaya ba, wato abin da tsohuwar ta so ta faɗa.

Ranar 22 ga Afrilu 1969, ɗalibai baƙaƙe da 'yan Puerto Rico suka sa sarƙa suka kulle ƙofofin harabar kudu ta City College. Kwalejin tana tsakiyar Harlem, a lokacin kyauta ake karatu a cikinta, amma kusan duk ɗalibanta farare ne, 'ya'yan unguwar sai dai su gan ta a kan tudu. Suka kafa buƙatu biyar, ciki har da cewa sababbin ɗalibai su yi daidai da yawan baƙaƙe da 'yan Puerto Rico da ke makarantun sakandaren birnin, kuma a koyar da tarihinsu. Suka yi mako biyu a ciki. Mutanen unguwa suka riƙa kai musu abinci, kuma kakar yarinyar nan tana cikin matan da suka dafa suka kai. Shugaban kwalejin, Buell Gallagher, ya ajiye aiki a watan Mayu. Hukumar jami'ar birnin, CUNY, wadda ta yi niyyar buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a 1975, ta dawo da abin 1970. A shekara ɗaya sababbin ɗalibai suka tashi daga wajen 20,000 zuwa wajen 35,000. An fara karɓar kuɗin makaranta a 1976, an kuma tsuke wasu ƙa'idoji daga baya, amma jami'ar ba ta koma yadda take da ba. Ajin da nake zama, mai ɗan Dominika da 'yar Bangaladash, daga nan ya samo tushe. Matar da ta ɗauki tukunya ta hau tudun nan, ita na hana minti goma.

Ko shigowarmu ƙasar ma haka ne. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke rabon biza bisa asalin ƙasa, ta biyo bayan gwagwarmayar da ta haifi dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, kuma mun san waɗanda aka daka da kulki aka saka wa karnuka kafin a samu waɗannan. Na tambayi kawu ko ya tuna kisan Amadou Diallo, Bafulatanin Gini da 'yan sanda huɗu suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansa a Bronx ranar 4 ga Fabrairu 1999. Ya ce ya tuna, yana gari. Na ce su wa suka fito? Ya ce su ne, baƙaƙen ƙasar, har aka kama mutum fiye da dubu a zanga-zanga, ciki har da tsohon magajin gari David Dinkins. Na ce to, Kawu, yaya ke nan? Ya yi shiru, ya ce wannan daban. Ba na zargin sa. An taɓa ɗora masa wuƙa a wuya cikin motarsa, abin da ya gani yake faɗa. Su ma can suna da masu yi mana kallon raini, na sha ji da kunnena. Amma ni ba a mota nake da tsakar dare ba. Ina da mutum a gabana, na ga aikinta, na ci moriyarta, sai na fifita labarin majalisa a kan abin da idona ya gani.

Na same ta a ɗakin karatu. Na zo da dogon bayani, da Baquaqua da Kurmi da 1969, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ɗan'uwa, ba ni za ka koya wa wannan ba." Sai na ajiye duka na ce na zalunce ki, ki yafe mini. Ta ce maganata ba ita ta fi yi mata zafi ba, ta saba jin irinta. Abin da ya fi zafi shi ne ɗakin cike yake da mutanen da ta tsaya wa a layi, mutum ɗaya ne ya buɗe baki. Sannan ta riga ta gaya wa kakarta tun kafin zaman, don ba ta zaci za a ƙi ba. Tsohuwar har ta fito da rigar da za ta sa, ta kai ta wanki da guga. Dole ta koma ta ce mata jadawali ya cika. Ta ce ba ta taɓa yi wa kakarta ƙarya ba sai ranar, domin ba ta so matar ta san abin da 'yan Afirka suka ce.

Na roƙa a ba ni dama in gayyaci tsohuwar a taro na gaba. Ta ce a'a, kakarta ba za ta zo don a wanke ni ba. Ta ce ta yafe, kuma na gaskata ta. Ƙungiya dai ba ta dawo ba.

A zangon da ya biyo na kawo ƙudurin a gyara fom, na kuma faɗi dalili a gaban kowa. An yi gardama mai zafi. Wasu suka ce sabon zuwa yana buƙatar wurin da zai ji yarensa ya ci abincinsa ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, kuma suna da gaskiya a nan, ni ma wannan ƙishirwa ce ta kai ni ƙungiyar. Aka daidaita a kan gurbi ɗaya, inda mutum yake kira gida, wanda ya so ya cika. Jerin tutoci ya zauna, aka ƙara mai ja da baƙi da kore, wadda ƙungiyar Marcus Garvey ta ƙaddamar a Niyok a watan Agustan 1920, shekara 40 kafin tamu. Wani ɗan Jamaika ya riƙe ta.

Gyaran takarda bai dawo da mutane ba. Labarin abin da na faɗa ya riga ya zaga, magana kuwa zarar bunu ce. Har na gama karatu, 'yan Harlem da suka shigo ba su kai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Raka sababbin ɗalibai ofishin tallafi ya dawo kaina, ni kuma ban san kan abin kamar yadda ta sani ba. Wani yaro ɗan Maraɗi da ya zo ta cacar biza ya dogara da ni, na ba shi ranar rufewa ba daidai ba, ya rasa tallafin zangon nan. Ya ajiye karatu ya koma wankin mota a Jerome Avenue, sai da shekara ta zagayo ya samu ya dawo aji.